Lasisin cibiyoyin jinyar masu shan ƙwaya: nazarin lamarin wani gari a Florida, 2002 zuwa 2023

Wannan nazari ya bi Delray Beach ne, wani ƙaramin gari na bakin teku a gundumar Palm Beach, kudancin jihar Florida ta Amurka, mai mutane kusan 67,000 a lokacin da abin ya yi ƙamari. Garin ya yi suna a matsayin inda mashaya ke zuwa neman lafiya, daga baya ya koma inda ake ciniki da su. An fi sa ido a kan ofishin gwamnatin jiha mai ba cibiyoyin jinya lasisi: me doka ta ba shi iko a kai, me ya wuce ta gabansa bai gani ba, kuma me ya sauya bayan gyaran 2017.

Asalin lamarin

Tun shekarun 1980 kudancin Florida ya zama matattarar masu son rabuwa da giya da ƙwaya. Babu sanyin hunturu, ga teku, ga nisa da abokan shaye-shaye na gida. A nan ne aka saba da raba jinya da wurin kwana. Maimakon a kwantar da mutum a asibiti wata da watanni, sai ya wuni a cibiyar jinya wurin likita da masu ba da shawara, da dare ya kwana a gidan haya tare da wasu masu murmurewa irinsa. Gidan yana da dokokinsa: ba ƙwaya, ba giya, akwai lokacin rufe ƙofa, kowa ya nemi abin yi ya biya haya. Tsarin ya fi kwanciyar asibiti arha, kuma mutane da yawa sun miƙe ta dalilinsa. A 2007 jaridar New York Times ta bayyana garin a matsayin babbar cibiyar masu murmurewa ta Amurka.

Doka ta bi wannan rabon sau da ƙafa. Cibiyar jinya sai da lasisi daga ma'aikatar kula da yara da iyali ta jihar, wadda ake kira DCF a taƙaice. Gidan kwana kuwa ba ya buƙatar lasisin kowa, tunda ba a ba da magani a cikinsa. A wurin hukuma gidan haya ne kawai. Duk wanda ya kama gida ya jera gadaje zai iya kiran kansa mai gidan murmurewa tun daga ranar.

2002 zuwa 2012: garuruwa sun gwada dokar unguwa

Maƙwabta ne suka fara ƙorafi: hayaniya, yawan motoci, baƙin fuskoki da ke sauyawa kowane mako. Majalisun garuruwa suka ɗauko makamin da suka sani, wato dokar tsara unguwanni. Sai dai dokokin tarayya biyu sun tare hanya. Gyaran da aka yi wa dokar hana wariya a harkar gidaje a 1988, da dokar kare naƙasassu ta 1990, duk suna ɗaukar wanda ya daina shan ƙwaya yake murmurewa a matsayin mai lalura da ba a yarda a nuna masa bambanci wajen muhalli ba.

Garin Boca Raton, maƙwabci ta kudu, ya kafa doka a 2002 don fitar da irin waɗannan gidaje daga unguwannin zama. Aka kai shi kotun tarayya, ya sha kaye a 2007, shari'ar ta ci masa sama da dala miliyan ɗaya. Garin da muke magana a kai shi ma ya gwada sa'arsa a 2012, lokacin da wata babbar cibiya ta sayi katafaren gida kusa da teku. Kotun tarayya ta goyi bayan cibiyar a shekarar. Daga nan lauyoyin garuruwa suka ja kunnen majalisunsu, kowa ya janye hannu. Ko ƙidayar gidajen babu mai ita a rubuce. Daga baya magajin garin ya ƙiyasta cewa sun kai 700.

2008 zuwa 2015: kuɗin inshora ya shigo

Dokoki biyu na tarayya, dukansu da kyakkyawar niyya, suka sauya lissafin. Ta 2008 ta hana kamfanonin inshorar lafiya tsaurara wa jinyar shaye-shaye da ta taɓin hankali sharuɗɗan da ba su sa wa sauran cututtuka ba. Dokar lafiya ta zamanin Shugaba Obama, wadda aka sa wa hannu a Maris 2010, ta ba matashi damar zama a kan inshorar iyayensa har ya kai shekara 26. Daga 2014 kuma ta hana a ƙi mutum saboda tsohon ciwo, ta sa jinyar shaye-shaye cikin abubuwan da dole tsarin inshora ya ɗauka. Dubban iyalai da a da ba su da halin kai ɗansu jinya suka samu hanya. Kusan uku cikin huɗu na masu jinya a cibiyoyi masu zaman kansu na Florida daga wasu jihohi suke zuwa, kuma an ƙiyasta harkar a gundumar Palm Beach kaɗai ta kai dala biliyan ɗaya a shekara.

Ga inda gizo yake saƙa. Inshora na biyan kuɗin jinya da na gwaji, amma ba ta biyan haya. Matashin da ya sauka daga Ohio ko New Jersey ba shi da aiki, ba shi da kuɗin gado. Abin da ke aljihunsa katin inshorar mahaifinsa ne. Sai mai cibiya ya shirya da mai gidan kwana: a riƙa turo masa yaran kullum, shi kuma ya riƙa ba da wani abu duk mako a kan kowane kai. Kuɗin kan kai dala 500 a mako, a rubuta shi a takarda a matsayin ladan kula da majinyaci. Tsakaninsu ga dillalai, masu aiki irin na 'yan kamasho a tashar mota: a kawo mutum, a karɓi la'ada. Da yawansu su ma tsofaffin mashaya ne da ba su jima da barin gadon jinya ba. Suna tsayawa a bakin wuraren taron masu murmurewa da shagunan shan kofi, suna tallar kwana kyauta, da sigari, da katin sayayya, wani lokaci har da tikitin jirgi.

Ribar da ta fi kauri tana cikin fitsari. Kofin gwaji na roba mai ɗan tsinke a jiki, wanda ke nuna sakamako nan take, bai wuce 'yan daloli ba. Amma idan aka tura fitsarin ɗakin gwaji aka ce a bincika jerin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, ana iya cajin inshora dubban daloli a kan kofi guda. Ana karɓa sau uku a mako, wani wurin fiye da haka. Likita ya sa hannu a kan umarni na dindindin ba tare da ya ga majinyacin ba, ɗakin gwajin kuma ya mayar wa mai cibiya da kasonsa, idan ma ba shi da hannun jari a ciki. Har masu sana'ar suka riƙa kiran fitsarin ruwan zinare.

Kwanakin jinyar da inshora ke biya suna da iyaka. Idan mutum ya warke, kuɗi ya tsaya. Idan ya koma ruwa, sai a sake sabon lale: wankin jiki daga ƙwaya, kwanciya, jinyar wuni, gwaje-gwaje, duk daga farko. Shi ya sa aka samu gidajen da ake kau da kai ana shan ƙwaya a ciki, da dillalan da ke ba yaro ƙwaya da hannunsu don fitsarinsa ya nuna, a samu hujjar kai shi wata cibiya. Wata budurwa daga Illinois ta bi ta cibiyoyi tara cikin wata 15, aka caji inshorar gidansu sama da dala miliyan ɗaya, ta rasu a Oktoba 2016 sakamakon ƙwaya.

Mazauna garin sun san alamomin. Da safe fararen motocin bas marasa rubutu a jiki suna ɗibar matasa daga ƙofar gidaje zuwa cibiyoyi. Da yamma kuma a ga saurayi ko budurwa yana jan akwati mai taya a gefen titi, an kore shi daga gida saboda inshorarsa ta ƙare, bai san kowa a garin ba.

Ita ma ƙwayar da ke kasuwa ta sauya. A 2010 da 2011 Florida ta murƙushe asibitocin bogi da ke rabon ƙwayar kashe zafi ta oxycodone kamar gyaɗa. Waɗanda suka riga suka kamu suka koma wa hodar hiroyin, aka fara gauraya ta da fentanil, wanda ya ninka ta ƙarfi sau da yawa. Wanda ya yi makonni bai sha ba jikinsa ya daina jure adadin da ya saba. Ranar da ya koma, abin da a da yake sha ya tashi lafiya shi ne ke tsayar masa da numfashi.

Alamu sun fito tun da wuri. Hukumar FBI ta kai samame wani rukunin gidaje a West Palm Beach a Satumba 2014, ta kai wani a cikin Delray Beach a Disamba. A ƙarshen 2015 kamfanin inshora na Cigna ya sanar da janyewa daga kasuwar inshorar ɗaiɗaikun mutane ta Florida na shekarar 2016, yana kafa hujja da maguɗin cibiyoyin jinya da ɗakunan gwaji.

Ofishin lasisi a daidai wannan lokaci

A ƙarshen Agusta 2016 cibiyoyi 931 ne ke riƙe da lasisin DCF a faɗin jihar, kuma da yake kowane nau'in jinya da lasisinsa, takardun sun haura 3,400. Ma'aikatan da ke duba su 25 ne. Yankin kudu maso gabas, wanda gundumar Palm Beach ke ciki, yana da cibiyoyi 321, wato sulusin na jihar, da ma'aikata tara. Kowane ma'aikaci na ɗauke da cibiya kusan 36, ga sababbin takardun neman lasisi da ke shigowa, ga sabunta na tsofaffi, ga ƙorafin iyaye.

Abin da ma'aikacin ke dubawa akasari takarda ce. Shin akwai shaidar hukumar kashe gobara? An rubuta manufofin aiki? Akwai sunan ƙwararre a jerin ma'aikata? An ɗauki zanen yatsun mai cibiya? Idan takardu sun cika, babu wata ƙwaƙƙwarar hujjar hana lasisi. Ƙwace shi bayan an bayar kuwa doguwar hanya ce ta sauraron ƙara da ɗaukaka ƙara, cibiyar kuma na ci gaba da karɓar majinyata.

Shari'ar Kenneth Chatman ta nuna ramin ƙarara. Mutumin ya taɓa zaman kurkuku a kan damfara da katin banki, don haka sunansa ba zai wuce tantancewa ba. Sai aka sa sunan matarsa a takardun neman lasisi, aka samu lasisin cibiyoyi biyu, ɗaya a Margate, ɗaya a Lake Worth. Gidajen kwanan da ke ciyar da cibiyoyin ba su cikin hurumin mai duba lasisi, kuma a can ne ake ta'asar. Ana shan ƙwaya a fili. Ana tura fitsari da yawun ma'aikata ɗakin gwaji da sunan majinyata. An tsare wasu mata aka tilasta musu karuwanci. Jaridar Palm Beach Post ta fallasa shi a Disamba 2015, iyaye sun yi ta kai kuka, amma cibiyoyin ba su tsaya ba sai da jami'an tarayya suka kama shi a Disamba 2016.

Ikon ma a warwatse yake. Cibiya tana hannun DCF, lasisin likita yana hannun ma'aikatar lafiya, ɗakin gwaji yana ƙarƙashin wasu hukumomin, damfarar inshora tana wani ofishi, laifi kuma na 'yan sanda ne. Kowa na ganin yankinsa, babu mai ganin kuɗin yana zagayawa daga wannan hannu zuwa wancan. Jihar tana da dokar hana dillancin majinyata tun 1996, mai hukuncin ɗauri har shekara biyar, amma a wannan harka kusan ba a taɓa ɗaga ta ba.

2015: takardar shaida ta ganin dama

Majalisar jihar ta san tilasta wa gidajen kwana lasisi zai iya karo da dokokin tarayya, sai ta bi ta gefe. Dokar 2015 ta ƙirƙiro takardar shaidar inganci wadda mai gida zai nema idan ya ga dama. DCF ta miƙa aikin tantancewa ga wata ƙungiyar masu gidajen murmurewa mai zaman kanta, FARR. Daga 1 ga Yuli 2016 aka hana cibiya mai lasisi tura majinyaci gidan da ba shi da takardar.

Gidajen kirki sun nema. Sauran ba su damu ba, domin dokar ta rufe ƙofa ɗaya ce kawai. Ta hana cibiya tura mutum gidan da ba shi da shaida, ba ta hana ta karɓar mutum daga irin wannan gida ba, alhali cinikin ta nan yake tafiya: gida ne ke kawo wa cibiya kai. A 2016 motocin agaji na garin sun amsa kiran waɗanda ƙwaya ta yi wa yawa sama da sau 700, mutum 65 suka mutu. A gundumar baki ɗaya mutuwar da ta shafi ƙwayoyin dangin hiroyin ta kusa 600, kusan ninki biyu na shekarar da ta gabata.

Yuli zuwa Disamba 2016: an tara kowa a ɗaki ɗaya

Majalisar jihar ta ware dala 275,000 ga babban mai gabatar da ƙara na gundumar, Dave Aronberg, don ya yi nazari ya kawo shawara. Kwamitin da ya kafa ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 2016 ƙarƙashin mataimakinsa Alan Johnson, kuma an raba shi gida uku. Ɓangare ɗaya na jami'an tsaro ne, masu haɗuwa a asirce suna musayar bayanai. Na biyu na masu rubuta daftarin doka ne. Na uku ya haɗa masu cibiyoyi da gidaje na gaskiya, da likitoci, da jami'an garuruwa, da sauran jama'a. An buɗe layin waya na kai rahoto. Masu cibiyoyin kirki, waɗanda cinikin ya ƙwace wa majinyata saboda sun ƙi biyan la'ada, su ne suka fi kowa sanin wa ke biyan wa.

Kamen farko ya zo a ƙarshen Oktoba 2016, da tsohuwar dokar nan ta 1996. A Disamba kwamitin 'yan ƙasa da kotu ta rantsar don bincike ya fitar da rahotonsa, kuma daga cikinsa alƙaluman ma'aikata 25 da cibiyoyi 931 suka fito fili. Rahoton ya nemi a ɗauki lasisi a matsayin alfarma da ake iya hanawa, a ƙara kuɗin lasisi don a samu na ɗaukar ma'aikata, a hukunta tallan yaudara, a kuma toshe hanyar gidajen da ba su da shaida ta kowane ɓangare.

A Nuwamba ma'aikatar gidaje da ma'aikatar shari'a ta tarayya suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa da ta fayyace inda gari ke da damar sa wa gidajen haɗaka ƙa'ida ba tare da ya faɗa wariya ba. 'Yar majalisar tarayya mai wakiltar yankin, Lois Frankel, ta daɗe tana matsa lamba a kan hakan.

2017: sabuwar doka da sabon iko

A Mayu 2017 aka yanke wa Chatman ɗaurin shekara 27 da rabi. A watan ne Gwamna Rick Scott ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan annobar ƙwayoyin, abin da ya sauƙaƙa samun Narcan, maganin da ake fesawa a hanci ya dawo da numfashin wanda ƙwaya ta kayar. Sabuwar dokar cibiyoyin jinya ta fara aiki ranar 1 ga Yuli.

Ta ɓangaren lasisi, dokar ta faɗaɗa binciken tarihin masu cibiya da daraktoci da manyan jami'an kuɗi da masu kula da aikin jinya. Ta ba DCF ikon shiga cibiya ba tare da sanarwa ba, ta umarce ta da ta kasa laifuffuka mataki-mataki gwargwadon haɗarinsu ga majinyaci, kowanne da hukuncinsa. Ta sa samun shaidar wata hukumar tantancewa mai zaman kanta cikin sharuɗɗan sabunta lasisi. Buɗe cibiya ba lasisi ya tashi daga ƙaramin laifi zuwa babba. Daga 1 ga Yuli 2018 kuma cibiya mai lasisi ba ta da damar tura majinyaci gidan da ba shi da shaida, ba ta kuma da damar karɓa daga gare shi.

Ta ɓangaren laifi, an faɗaɗa ma'anar la'ada ta haɗa da kowace irin moriya, ba tsabar kuɗi kaɗai ba. Tara ta koma hawa uku: dala 50,000 idan majinyatan ba su kai goma ba, 100,000 daga goma zuwa 19, sannan 500,000 daga 20 zuwa sama, shekarun ɗauri na ƙaruwa tare da ita. Yi wa iyaye ƙarya a talla game da inda cibiya take ko abin da take yi ya zama laifi.

Garin shi ma ya dawo kan dokar unguwa a Yuli 2017, wannan karon da shiri. Ya ɗauko wani lauya masanin tsara birane ya yi nazarin inda gidajen suka cunkushe, aka gina dokar a kan kare mazauna gidajen su kansu. Sabon gida sai ya ba da tazarar ƙafa 660, kusan mita 200, daga wani irinsa, sai kuma ya nuna takardar shaida. Rundunar 'yan sandan garin ta ɗauki ma'aikaciyar jin daɗin jama'a wadda aikinta shi ne ta nemi duk wanda aka farfaɗo da shi, ta haɗa shi da jinya ta gaskiya ko ta taimaka masa ya koma gida wurin danginsa.

Daga waje ma an samu taimako. A Satumba 2017 Google ya dakatar da tallan cibiyoyin jinya, wanda ta nan ne iyaye da yawa suka faɗa hannun dillalai, bai dawo da shi ba sai da sharaɗin tantancewa a 2018. A Oktoba 2018 majalisar tarayya ta mai da karɓa ko biyan la'ada a kan majinyacin shaye-shaye laifi a duk ƙasar, ko da inshorar ta kamfani mai zaman kansa ce, da hukuncin ɗauri har shekara goma.

2018 zuwa 2023: sakamako

Mutuwar ba ta sauka nan take ba. A 2017 ta haura 600 a gundumar. A 2018 ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100, alhali a faɗin Amurka raguwar mutuwa ta sanadin ƙwaya a shekarar kusan kashi 4 ce. A cikin garin, adadin waɗanda ƙwaya ta kayar ya ragu da fiye da rabi. Gidaje da cibiyoyi da yawa sun rufe, kamfanonin inshora sun tsuke bakin aljihu a kan gwajin fitsari, kwamitin Aronberg kuma ya kama sama da mutum 100 cikin 'yan shekaru, da yawansu suka amsa laifi.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Mutumin farko da kwamitin ya kama, kotu ta wanke shi bayan doguwar shari'a. Cikakkun ƙa'idojin da DCF za ta yi aiki da su ba su kammala ba sai 2019. A Yuli 2020 jami'an tarayya suka kama wani likita mai asibiti a cikin garin, wanda ya ba da sunansa a matsayin babban likitan cibiyoyi da gidaje sama da 50, aka caji inshora ɗaruruwan miliyoyin daloli da sa hannunsa daga 2011 har zuwa 2020. An ɗaure shi shekara 20 a Janairu 2023. A 2020 mutuwa ta sake hawa a gundumar, lokacin da annobar korona ta haɗu da yawaitar fentanil. Irin wannan ciniki kuma ya bayyana a wasu jihohi. A kudancin California an fallasa shi tun 2017. A Arizona, a Mayu 2023, gwamnati ta sanar da bankaɗo damfarar gidajen murmurewa da aka yi ta kan 'yan ƙabilun asali na Amurka, wadda daga baya aka ƙiyasta ta haura dala biliyan biyu.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina kuskuren farko na tsarin lasisin shi ne an zana iyakarsa a kan gini. Majinyaci na yin 'yan sa'o'i a cibiya, sauran yininsa da darensa suna gidan da hukuma ba ta da ikon leƙawa, kuma a can yake mutuwa. Ma'aikata tara ba za su iya da cibiyoyi 321 ba, gaskiya ne, amma ko da an ninka su, muddin abin da doka ta ce su duba shi ne takardar kashe gobara da kundin manufofi, Chatman zai wuce. Takardunsa a cike suke. Tambayoyin da za su tona shi su ne wa ke da cibiyar a zahiri, daga wane gida majinyata ke zuwa, nawa ake biyan mai gidan, kuma sau nawa ake karɓar fitsari. Babu ko ɗaya cikinsu da ke kan fom ɗin mai dubawa.

Dokar unguwa ta 2002 da ta 2012 sun faɗi ne saboda an rubuta su don kare maƙwabta daga masu murmurewa, kotu kuma ta gane hakan. Ta 2017 ta tsaya saboda an gina ta a kan hujja, kuma ta nemi kare mutanen da ke cikin gidajen. Haka takardar shaida ta 2015 ba ta yi tasiri ba sai da aka ɗaure ta da lasisin cibiya ta ɓangarori biyu. Wannan ita ce dabarar da na fi ganin ƙimarta a duk lamarin: jihar ba ta iya tilasta wa mai gida komai ba, sai ta tilasta wa wanda ke hannunta, wato mai lasisi, ya daina hulɗa da shi. Da kuɗin cibiya ya daina zuwa, gidan bogi ba shi da abin rayuwa.

Ba zan jingina raguwar 2018 ga lasisi shi kaɗai ba. Narcan ya ceci mutanen da da sun shiga ƙidayar matattu, kame ya tsorata dillalai, Google da kamfanonin inshora sun rage kwararar sababbin zuwa, kuma wani ɓangare na raguwar ƙaura ce kawai: masu cinikin sun tattara sun nufi inda ba a sa musu ido ba. Abin lura kuma shi ne yunƙurin bai taso daga ofishin lasisi ba. Mai gabatar da ƙara ne ya tara mutane, 'yan jarida da iyayen mamata suka hana maganar mutuwa. Ofishin da ƙorafe-ƙorafe ke sauka a teburinsa ya fi kowa damar ganin cewa ikonsa bai kai ba, kuma nauyin shugabansa ne ya kai wannan magana gaban majalisa da alƙaluma tun kafin kwamitin kotu ya tono su a ƙarshen 2016.

Abubuwa biyu sun rage a buɗe bayan gyaran. Gidan da ba ya hulɗa da cibiya mai lasisi har yanzu takardar shaidar jiha ganin damarsa ce, sai dai idan garinsa ya yi doka irin ta 2017. Na biyu kuma ya fi ƙarfin kowane ofishin lasisi: inshora na biya ne a kan yawan kwanaki da yawan gwaji, don haka cibiyar da majinyacinta ya koma ruwa ta fi wadda nata ya warke samun kuɗi. Aronberg ya kai wannan batu gaban kwamitin majalisar wakilai ta tarayya a Disamba 2017, ya nemi a ɗaura biyan kuɗi a kan sakamakon jinya. Dokar jihar ta 2017 da ta tarayya ta 2018 duk sun hukunta la'ada, amma ba su taɓa tsarin biyan ba.